Abin da na ji daga zaure

A Gangare aka haife ni, nan cikin Jos, a gidan haya mai ɗaki bakwai da rijiya ɗaya da masai ɗaya. Ni ne ɗan fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Kai" take ce mini, in kuma tana ba da labarina sai ta ce "yaron nan". Mahaifinmu tela ne. Kekensa da ɗinkunan mutane duk sun ƙone a gobarar kasuwar Terminus a 2002, kuma daga nan bai sake tsayawa da ƙafafunsa sosai ba har Allah ya karɓi abinsa a 2009. Ya bar mu mu biyar, autarmu tana goye. Muka koma Rikkos kusa da rafi, inda haya ta fi sauƙi, Umma tana soya ƙosai a ƙofar gida tana riƙe mu da shi.

Ni ne mai karatun gidan. Wasiƙa ce, katin asibiti ne, takardar magani ce, ni ake miƙa wa. Ina aji biyu a jami'a ina karanta ilimin ƙwayoyin cuta sai ambaliyar 2012 ta zo.

Duk ɗan Jos ya san wannan daren. Lahadi ce, 22 ga Yuli, azumi bai wuce kwana uku ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ruwan ya biyo rafi ya faɗa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Fiye da mutum 30 suka rasu. Mu mun fita da ranmu. Ni na ɗauko autar a wuyana, ruwa har ƙirjina, ta riƙe kunnuwana gam tana cewa, "Yaya, kar ka sake ni." Ban sake ta ba. Aka tsugunar da mu a ajin wata makarantar firamare tare da iyalai da yawa, ana shan ruwan da aka samu.

Kwana shida bayan haka autarmu ta fara gudawa da asuba, zuwa hantsi amai ya biyo baya. Duk abin da aka ba ta sai ya dawo, sai Umma ta daina ba ta ruwa, don a ganinta ruwan ne ke ƙara zawon. Ni kuma na ruga kemis na sayo ƙwayar tsayar da gudawa, na miƙa wa Umma na ce a ba ta, na wuce gidanmu da ya rushe in tono littattafaina daga cikin laka. Da na dawo da la'asar idanunta sun zurma, leɓenta ya bushe, tana kuka babu hawaye. Muka sa ta a keke-napep sai asibiti. Aka nemi jijiya a hannu, aka nema a ƙafa, aka nema a ka, ba a samu ba. Kafin magariba ta cika. Shekararta 4.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaya, ba cikin faɗa ba, "Ba ku ba ta ruwan gishiri da sukari ba?" Umma ta ce, "Amai take yi, shi ya sa na hana ta ruwa." Wannan maganar na kama na riƙe. Ban taɓa furtawa ba, amma shekara tara ina ɗora wa mahaifiyata mutuwar yarinyar nan a zuciyata. Ina durƙusawa in gaishe ta, ina kawo mata abin da na samu, amma in muka zauna mu biyu hirar ba ta wuce minti biyar. Na riƙa gaya wa kaina jahilci ne ya kashe ƙanwata. Da wannan zuciyar na shiga digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a 2017, bayan hidimar ƙasa.

Kundin bincikena a kan yadda iyaye mata ke kula da yaro mai gudawa ne, ana bukatar gida 400. A nan na ci karo da abin da ba a faɗa mana a aji ba: a bangon zaure da yawa an rubuta "Ba a shiga", ni kuma namiji ne. Sai na ɗauki 'yan mata biyu masu difloma, na yi musu bayani na yini ɗaya, muka yi ciniki a kan kuɗin kowace takarda. Mai unguwa ya sa mini hannu. Ni kuma na koma Abuja, inda na samu ɗan aikin shigar da bayanai a kwamfuta a wata ƙungiya, ina kwana a Mararaba wurin abokina. Takardu suka riƙa iso mini a mota. Na lura amsoshin kusan iri ɗaya ne, na kau da kai. Da lokaci ya ƙure saura 60, na rufe ƙofa na cike su da hannuna cikin dare biyu, ina canza biro. Na faɗi wannan ne don kada a ɗora wa yaran nan laifin su kaɗai. Wanda ya biya kuɗi a kan kowace takarda ya yi tafiyarsa ya san abin da ya saya.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne da ya yi aikin karkara tun a shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya ana ta ƙoƙarin kai lafiya matakin farko ƙananan hukumomi. Ya karanta babi na huɗu ina zaune a gabansa, ya cire tabarau ya ajiye.

"A nan ka ce gida 9 cikin 10 suna tafasa ruwan sha. A gidanku ana tafasawa?"

Na yi shiru.

"Nawa ake sayar da ledar gawayi yanzu?"

Ban sani ba. Ya ce yana da hurumin kai ni gaban kwamitin ladabtarwa, kuma ya san abin da za su yanke. Bai kai ni ba. Ya ce in kwashe takardun duka in ƙone, ranar da na shirya yin aiki in dawo. Tun ina yaro nake jin ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar na kai ƙarshen nawa.

Ƙarshen 2019 ke nan. Sai ga korona da kulle, ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ɗauki wata tara. Aikin Abuja ya ƙare. Na dawo Jos ina ce wa Umma gyare-gyare ake yi wa kundin. Sai in kwana ban runtsa ba. Na rame, na daina fita jam'i sai Juma'a, don kada wani ya ce, "Likita, ya karatu?" Haka suke kirana a unguwa duk da na sha faɗa musu ni ba likita ba ne. Na kai ga tunanin barin karatun gaba ɗaya in nemi keke in riƙa ja. Ba faɗuwar ce ta fi cina ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, a kan cutar da ta ɗauke ƙanwata na zauna na rubuta ƙarya.

A farkon 2021 malamin nan ya turo mini wata sanarwa ta WhatsApp, bai ƙara ko kalma ɗaya a ƙasanta ba. Shiri ne na shekara ɗaya ga ɗaliban digiri na biyu, inda ake haɗa karatu da yi wa al'umma hidima. Ɗalibi zai zauna a mazaɓar da zai yi aiki, ya yi kwana uku kowane mako a asibitin sha-ka-tafi na wurin yana yin duk abin da aka sa shi. Ba shi kaɗai zai zaɓi abin da zai bincika ba, sai da kwamitin ci gaban mazaɓa, kuma mutanen unguwa ne za su fara jin sakamako kafin jami'a. Alawus ɗin bai wuce na abinci da mota ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne takardar shaida, don ba ta malami kaɗai suke so ba, har da ta mai unguwa.

Mako biyu na yi ina wuce ƙofar gidansa. Ranar da na shiga, na cire takalmi na zauna a ƙasa na gaishe shi. Ya gane ni nan take. "Ɗana, ba kai ne ka kawo takarda bara waccan na sa hannu ba? Me kuka samo?" Na ce, "Baba, ban yi aikin ba. Ƙarya na rubuta." Na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce tun bayan rikicin 2001 masu takarda da biro suke zuwa, a tambayi mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka mutu, a ɗauki hoto, a tafi, shi kuma a bar shi da tambayar mutane. Ya ce zai rubuta mini takardar, amma zai sa abin da na faɗa masa a ciki. Na ce na yarda. Da wannan takardar aka ɗauke ni.

Wata biyu na farko ban taɓa takardar bincike ba. Mai kula da asibitin, wata jami'ar lafiya da kowa ke kira Anti, ta sa ni awon jarirai ranar rigakafi, da cike katuna, da ɗauko akwatin sanyi na allurai, da sharar ɗakin. Na koyi auna damtsen yaro da igiyar awo mai launi uku, wadda in ta tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Na gane cewa matar da ba ta dawo allura ta uku ba, sau da yawa ba ƙi ta yi ba. Ko maigida ya fita da sassafe bai bar kuɗin keke ba, ko kuma ta taɓa zuwa aka ce ba za a buɗe kwalbar ba don yara ba su cika ba, ta koma da goyonta a rana. Na kuma ji dattawa suna tuna gwajin maganin da wani kamfanin ƙasar waje ya yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau. Mu a aji mun karanta shi ne a babin abin da ke haddasa jita-jita. Su kuwa 'ya'yan mutane suke tunawa, kuma ba su yi ƙarya ba.

An haɗa ni aiki da wata ɗaliba Kirista 'yar Unguwar Rukuba. Tun rikicin 2008 ban taka unguwarsu ba, ita ma ba ta taɓa shiga tamu ba, ga shi ba wata tazara ce a tsakani ba. Takan yafa mayafi ta shiga cikin gida wurin mata, ni in tsaya a zaure da maza.

Da muka zauna da kwamiti na kawo shawarar a auna sanin iyaye mata game da tsabtar ruwa. Wata tsohuwar ungozoma ta katse ni. "Ɗan nan, mun san ruwa mai datti yana kawo ciwo. Ka nuna mana inda mai tsabtar yake." Suka ce rijiyoyi za a duba, da 'yan ga-ruwa. Muka yanki igiya mai tsawon mita 30, tazarar da ake so a samu tsakanin rijiya da masai, muka bi gida-gida. A yawancin gidajen ko rabinta ba ma warwarewa. Gidan mutum gaba ɗayansa taku ashirin ne, ina zai kai masan? In damina ta yi nisa ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin wannan ramin yana bi ta ƙarƙashi ya tarar da wancan. 'Yan ga-ruwa kuwa da farko guje mana suke yi, sun ɗauka hukuma ce ta turo mu a hana su sana'a. Sai da na yi kwanaki ina zama a bakin rijiyar burtsatse inda suke layi, ina taya su tura kura a kan tudu, sannan shugabansu ya yarda a riƙa wanke jarkoki da kilorin, a zuba shi a ruwan a jira rabin awa kafin a sayar. Masu saye suka yi ta ƙorafin warin asibiti. Liman ne ya taimake mu, ya sha kofi guda a gaban mutane bayan sallar la'asar.

Damina tana faɗuwa kwalara ta shigo. A shekarar ce hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Jos ta Arewa tana cikin wuraren da ta taɓa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: ana kwantar da mutane a unguwarmu, ana kwantarwa a unguwar abokiyar aikina. Cutar tana kisa ne ta hanyar tsiyaye ruwan jiki, ƙato ma yana iya tafiya cikin 'yan awanni. Amma mafi yawan masu ita ruwan gishiri da sukari ya ishe su in an fara da wuri, kuma in an kula da su yadda ya kamata, masu mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Muka ajiye bokiti mai famfo a zauren mai unguwa, da fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink ta yara wadda ake sha kwana 10 zuwa 14.

Ana cikin haka, a tsakiyar Agusta rikici ya sake tashi, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Abokiyar aikina ba ta da hanyar tsallakowa, Anti ma a wata unguwa take. A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, wani yaro ya buga mana ƙofa. Ɗan maƙwabciyarmu ne ba lafiya, ɗan shekara 3, tun magariba yake amai da gudawa. Mijinta direba ne, doka ta rutsa da shi a hanya. Ba zan iya shiga ɗakin matar aure da tsakar dare ba, zauren mai unguwa kuma sai an tsallaka titi inda sojoji suke. Ina tsaye ina wannan lissafin sai na ga Umma ta ɗauki mayafinta. "Kai, tashi mu je."

A zauren gidan na haɗa shi da hasken waya: fiya wata leda biyu, lita ɗaya ke nan, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Na ɗanɗana, don kada ya fi hawaye gishiri. Na miƙa wa Umma na ce cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu, in ya amayar a jira minti goma a ci gaba a hankali. Ta shiga, na zauna a dakali. Labule ne kawai da ɗan tsakar gida a tsakaninmu, ina jin komai.

Uwar yaron tana kuka. "Mama, amai yake yi. Ruwan ƙara masa yake."

Sai na ji muryar Umma, a hankali. "Ba shi, 'yar nan. Ni na hana tawa. Tana miƙo hannu tana cewa ruwa, ruwa, ni da hannuna na ture kofin, ina ganin taimakonta nake yi. Kabarinta yana nan. Ba shi, in ya amayar ki sake ba shi."

Ban taɓa sanin ƙanwata ta roƙi ruwa ba. Ban sani ba don ba na wurin, ina can ina tonon littattafai. Shekara tara ina tuna abin da Umma ta faɗa a asibiti, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda nake daga hantsi zuwa la'asar ba. Na haɗa kai da gwiwa a dakalin nan ina jin ƙarar cokali a bakin kofi har aka kira assalatu. Da asuba yaron ya yi fitsari. Da gari ya waye sojoji suka bari aka kai shi asibiti, kuma ya tashi.

Da muka koma gida na durƙusa a gabanta. Na ce, "Umma, ranar nan na san ruwan gishiri da sukari. Tun sakandare aka koya mana, a rediyo ma ana faɗa. Ban gaya miki ba. Ƙwayar da na sayo ma ba a ba ƙananan yara ita."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Da na ga ka kawo magani daga kemis sai hankalina ya kwanta. Na ce tunda mai karatu ya kawo, shi ke nan." Ta ce ta san ina ganin laifinta, tun ranar jana'iza ta gani a idona. Ta ƙyale ni ne don gara in ɗora mata da in ɗora wa kaina, ga karatu a gabana. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe duniya da lahira. Kwanan yarinyar ne ya ƙare, mun yi imani da haka mu duka biyu, amma sai a ranar muka yi kukanta tare.

Daga nan Umma ta shiga cikin matan da ke bin gidaje. Da ɗan gari akan ci gari: inda ni da takarduna ba mu wuce zaure, ita har ƙuryar ɗaki. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mun rasa wani dattijo da ya ɓoye ciwonsa saboda kunya har ya galabaita, mun rasa wata jaririya. Da shekarar shirin ta ƙare, kilorin ɗin da ake kawo mana kyauta ya ƙare, wasu 'yan ga-ruwan suka ci gaba da saye da kuɗinsu, wasu suka bari. Rijiyoyin suna nan inda igiyata ta same su. Na gabatar da sakamako da Hausa a filin makarantar firamare, ungozomar nan ta gyara mini taswira a wuri biyu, na koma na duba na tarar ita ce da gaskiya. Bayan yajin aikin 2022 na kare kundina a gaban malamai, dattijon malamin nan ya sa hannu.

Akwai abin da har yau bai kwanta mini ba a irin waɗannan shirye-shirye. Ni na fita da digiri da alawus na shekara guda. Matan da suka shiga ɗakunan, suka wanke zannuwan marasa lafiya, suka kwana suna ɗura cokali, ba su fita da komai ba sai sabulu da godiya. Yanzu da nake cikin masu raka sababbin ɗalibai wannan asibitin, duk zaman da aka yi sai na tayar da maganar a sa musu wani abu a kasafi, a kuma rubuta aikinsu a rahoto. Wani lokaci a ji, wani lokaci a ce babu kuɗi. Shekara ɗaya ma ta yi kaɗan, don ɗalibi yana fara sanin wa ke jin maganar wa a unguwa sai lokacinsa ya cika. Duk ɗalibin da aka ba ni, a makon farko nakan ba shi labarin takardu 60 ɗin nan da bakina, kafin ya ji a wani wuri.

Umma yanzu ciwon gwiwa ya hana ta yawo, mata ne ke zuwa wurinta. Akwai ƙaramin cokali da ta ɗaure a igiyar makullin ɗakinta. Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta bayan masallaci, na ji muryar baƙuwa a ciki, wata amarya ce da goyonta na fari. Umma tana gaya mata yadda ake bi da yatsa a shafe bakin cokalin don kada sukarin ya yi tozo. Na tsaya a zaure har suka gama, sannan na yi sallama. Sai da aka kira magariba na bar gidan.